Tsakanin Wanki da Yarwa: Tsokaci a Kan Ƙunzugun Jariri

Gabatarwa

Kafin mu shiga cikin magana, wajibi ne mu nemi gafarar mai karatu, domin abin da za mu tattauna a wannan maƙala ba ya cikin abubuwan da Bahaushe ya saba ɗauko zancensu a zaure, balle a shafukan mujallar adabi. Zancen ƙunzugun jariri zancen cikin gida ne, can wajen igiyar shanya, kuma bisa al'ada magidanci ba ya tsoma baki a cikinsa. To amma mu da muka shafe shekaru muna koyar da adabi mun lura da cewa sau da yawa manyan tambayoyi game da halin ɗan'adam a cikin ƙananan abubuwa suke ɓuya, kuma wanda ya raina tsumma yana iya rasa darasin da ke ƙunshe a cikinsa.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, a daminar da ta wuce Allah ya albarkaci gidanmu da samun 'ya mace a nan Legas, inda aiki ya ajiye mu. Kwana uku da haihuwa sai ga gwaggonmu ta sauka daga Arewa domin wankan jego, ɗauke da kanwa da kayan yaji da dozin biyu na farin nafkin na yadi, waɗanda ta saya ta wanke ta ninke tun kafin ta baro gida. Ranar suna kuwa abokan aiki da maƙwabta suka cika ɗaki da kayan barka, galibinsu ledojin ƙunzugun zamani, wato wanda jama'a ke kira famfas ko da wane kamfani ne ya yi shi. Bayan 'yan makonni kyauta ta ƙare, sai tambaya ta taso: a ci gaba da saye, ko kuwa a koma ga na Gwaggo? Da farko mun ɗauka magana ce ta aljihu kawai. Da tafiya ta yi nisa sai muka gane tambayar ta fi haka zurfi: ƙazantar da ta fito daga gidan mutum, a wuyan wa ya dace ta rataya?

Yadda Iyayenmu Suka Yi

Kafin zuwan nafkin da fil da wandon roba, uwa Bahaushiya ba ta sayen komai domin wannan buƙata. Tsofaffin zannuwan da suka sha wanki har suka yi laushi su ake yayyagawa a shimfiɗa wa jariri, in sun ɓaci a wanke a shanya, in sun mutu a yi tsumman goge-goge da su. Bugu da ƙari, da yake yaro kullum yana bayan uwa ko a cinyarta, takan naƙalci motsinsa da irin kukansa, ta yadda da zarar ya fara miƙa da nishi sai ta sauke shi, ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta haɗa ƙafafunta ta ɗora shi a kai har ya gama. Da haka yaro kan saba tun da wuri. Wannan ilimi ne da ba a rubuta shi a littafi ba, kuma kuɗinsa kawai shi ne kusanci da lura.

Shi ma addini bai ɗauki lamarin a matsayin abin kunya ba. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta kawo ɗanta wanda bai fara cin abinci ba wurin Manzon Allah (SAW), ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa, sai ya nemi ruwa ya yayyafa. Malaman mazhabar Malikiyya kuma sun yi rangwame ga tufafin mai shayarwa muddin tana ƙoƙarin kiyayewa, suka so ta ware wani zane na musamman domin salla. Abin lura a nan shi ne, al'ada da shari'a duka sun yarda cewa reno ba ya yiwuwa sai hannu ya taɓa abin da rai ba ya so, don haka suka sauƙaƙa wa mai renon ba tare da sun raba ta da ɗanta ba. Masu iya magana kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Asalin Ƙunzugun Yarwa

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa ƙunzugun yarwa ba ɗan lalaci ba ne, gajiya ce ta haife shi. A shekarar 1946 wata uwa a Amurka mai suna Marion Donovan, da ta gaji da wankin zannuwan gado kowace safiya, ta yanki labulen leda na makewayi ta ɗinka wani wando da ruwa ba ya ratsawa domin rufe nafkin. A 1947 kuma wata uwa a Birtaniya, Valerie Hunter Gordon, ta ɗinka irin nata daga tsohon yadin laimar saukar sojoji, da wata auduga a ciki wadda ake cirewa a yar. Daga baya wani injiniya na kamfanin Procter & Gamble mai suna Victor Mills, wanda renon jika ya ɗanɗana masa wahalar, ya jagoranci aikin da ya fitar da Pampers a 1961. A shekarun 1980 aka fara zuba wa ƙunzugun wani gari mai kama da gishiri, wanda ke tsotse ruwa ninkin-ba-ninkin nauyinsa ya mayar da shi kamar talge. Wannan gari shi ne sirrin da ya sa jariri ke kwana ba tare da ya jiƙa shimfiɗa ba.

Ke nan iyaye biyu mata da kaka ɗaya namiji ne suka share hanyar, kuma dukkansu abu ɗaya suke nema, wato hutu ga hannun da ke wanki. Ko shakka babu sun samu. Uwar da ke fita aiki, da wadda ke kan doguwar tafiya a mota daga Legas zuwa Kano, da wadda ke jinya a asibiti, da wadda ta haifi tagwaye ba ta da mataimaki, duk sun san darajar wannan abu fiye da yadda mai alƙalami zai iya bayyanawa. Duk wanda ya ce ba alheri a cikinsa bai taɓa tashi da ƙarfe biyun dare yana canza shimfiɗa ba.

Ina Ake Yar da Abin Yarwa?

Sai dai kalmar "yarwa" tana da wata yaudara a cikinta. Idan muka ce mun yar da abu, zuciyarmu takan raya mana cewa abin ya gushe, alhali kuwa wuri kawai ya sauya. A ƙauyen da muka tashi, yarwa ba ta da wata illa, domin abin da ake yarwa ganye ne da ƙaiƙayi da toka da tsumman auduga, waɗanda juji ke narkarwa, a kwashe a kai gona su zama taki. Harshenmu ya gaji kalmar daga wancan zamani, muka ɗauko ta muka ɗora wa abin da ba ya ruɓewa. Bayan ƙunzugun zamani leda ne, fuskarsa ma zaren leda ne, a tsakiya kuma laushin katako ne da garin nan mai tsotse ruwa. Jaririn da aka ɗaura wa shi zai yi wayo, ya yi karatu, ya yi aure, ya ga jikokinsa, ledar tana nan kwance a inda aka binne ta.

Bari mu ɗan yi lissafi. Idan aka canza wa yaro sau 5 a rana, a shekara 2 ya ɓata guda 3,650, a inda nafkin 24 za su iya raka shi har yaye, su kuma jira ƙaninsa. A Nijeriya ana haihuwar yara fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Ko da ɗaya cikin goma ne kawai daga cikinsu ake sa wa na yarwa, to kowace rana ta Allah guda miliyan 3 da rabi ne za su nemi makwanci. Ina za su?

Mu mazauna Legas mun san amsar. Kaɗan daga ciki motocin shara ke kaiwa manyan jujaye irin na Olusosun da ke Ojota, wanda gobarar da ta tashi a cikinsa a watan Maris na 2018 ta turnuƙe unguwanni da hayaƙi kwana da kwanaki. Saura kuwa ana cusa su a baƙar leda a jefa a kwata da dare, ko a kangon da ba a gina ba, ko a cinna musu wuta a bayan katanga. Wanda ya faɗa kwata yakan sha ruwa ya kumbura ya toshe hanya, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, da saukar ruwan sama kuma ambaliya ta shiga ɗakin mutumin da ke gangare, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda aka jefa a kango karnuka da kaji su tone shi su baje. Daɗin daɗawa, yawancinmu mun ɗauka ba-hayar jariri ba ta da cuta, alhali masana lafiya sun tabbatar tana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar ta babba, kuma ga shi muna naɗe ta a leda muna ajiye wa ƙuda. Gwamnatin Legas ta haramta robobin kumfa na zuba abinci a watan Janairu na 2024 saboda yadda suke toshe magudanan ruwa, amma ƙunzugu ya fi ƙarfin doka irin wannan. Ƙasar Banuwatu da ke tekun Fasifik ta yi shelar hana shi a 2019, sai iyaye suka tambaya da me za su maye gurbinsa, dole aka jingine maganar.

Akwai kuma wani abu da ya fi taɓa mu. Su wa ke tura kurar shara a lungunan Agege da Mushin da Idi-Araba? Su wa ke tona juji da ƙugiyar ƙarfe suna neman gwangwani da roba? Da yawansu 'yan'uwanmu ne, samarin da suka baro ƙauyukan Arewa domin cin rani, waɗanda ake kira baban bola. Wata safiya muka leƙa ta taga muka ga wani daga cikinsu, yaron da bai wuce sa'ar ɗalibanmu na ajin farko ba, ya yage ledar da muka fitar da dare yana laluben abin sayarwa, ba safa a hannunsa. Abin da muka ƙi taɓawa na 'yar cikinmu, shi ya taɓa na 'yar da bai sani ba. Tun daga ranar kalmar yarwa ta daina yi mana daɗin faɗi.

Hannun Wa Zai Wanke?

Da wannan hujja muka shiga gida muna jin mun kammala bincike, muka sanar cewa daga yau an koma nafkin. Gwaggo ta yi murna, ta ce, "Yawwa ɗan nan, yanzu ka yi magana. Mu da muka raini goma da tsumma, wanne ne ya lalace a cikinku?" Uwargida ba ta ce komai ba sai da Gwaggo ta fita alwala, sannan ta dube mu ta ce, "Malam, na ji bayaninka, kuma gaskiya ne. Amma Gwaggo za ta koma bayan arba'in, ni kuma hutuna na ƙarewa zan koma makaranta. Idan ka ɗauki jakarka ka tafi aji, wa zai tsuguna a bakin baho?"

Ba mu da amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne Gwaggo ta raini goma da tsumma, amma ta yi haka ne a babban gida mai rijiya a tsakarsa, ga kishiya, ga faccaloli, ga 'yammata, ga rana mai busar da shanya kafin azahar. Ita kuwa uwargida ɗaki biyu take ciki a saman bene, famfo ya fi wata bai kawo ba, kowace jarka sai an saya daga hannun ɗan garuwa, wanda shi ma ɗan'uwan baban bolan ne, a kafaɗarsa yake hawo da ita. A daminar Kudu nafkin yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba, sannan akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan tufa mai danshi, tsutsarsa ta shige fatar yaro ta zama maruru, don haka dole a goge kowane ɗaya da dutse mai zafi, ko da wuta ko da gawayi. Mun hango wahalar baban bola ta taga, amma ba mu hango ta matar da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ba.

A wasu gidajen ma abin ya fi haka muni. Maigida da uwargida su yi alfaharin cewa su ba sa ɓarnar kuɗi a famfas, alhali wata yarinya 'yar shekara goma da aka ɗauko daga ƙauye ita ke durƙushe a kan bokiti tun asuba, sabulu ya cinye mata yatsu, a daidai lokacin da sa'o'inta ke aji. Wannan ma yarwa ce. An yar da wahalar a kan wanda ba shi da bakin ƙi.

Hatta ta fuskar muhalli, nafkin bai kuɓuta kyauta ba. Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta auna nau'o'in biyu a 2005 ta ce babu wani bambanci mai yawa a tsakaninsu. Da ta sake aunawa a 2008 sai ta gano cewa hukuncin ya rataya ne a kan yadda ake wankin: wanda ya tafasa ruwa da lantarki ya busar da inji yana iya zarce mai yarwa wajen gurɓata iska, wanda kuwa ya tara wanki ya yi shi gaba ɗaya, ya shanya a igiya, ya kuma ajiye wa ƙani, zai iya rage kusan kashi 40 cikin ɗari. Wato dai alherin ba a jikin yadin yake ba, yana hannun mai riƙe da shi.

Matsayinmu

Daga abin da ya gabata za a ga cewa babu ɗaya daga cikin hanyoyin biyu da ke kawar da ƙazanta daga doron ƙasa. Kowace tana miƙa ta ne ga wani. Nafkin yana miƙa ta ga wanda ke cikin gida, wanda muka san sunansa, muke iya ganin gajiyarsa, muke iya karɓarsa idan ya gaza. Na yarwa yana miƙa ta ga wanda ke waje, maƙwabcin gangare da baban bola da yaran da ba a haifa ba tukuna, waɗanda ba a shawarce su ba, ba za su kuma taɓa zuwa su ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. A nan ne muke ganin nafkin ya rinjaya. Nauyin da ke gaban idonka kana iya raba shi da adalci, amma wanda ka jefa bayan katanga ka sallama shi ke nan, ba ka san a kan wa ya faɗa ba.

Sai dai wannan rinjaye yana da sharaɗi, kuma sharaɗin a kanmu maza ya fi nauyi. Wanda ba zai ɗauki komai daga cikin wahalar ba, ba shi da hurumin yanke hukunci. Magidancin da ya zaɓi nafkin domin ya tsimi kuɗinsa ko ya wanke zuciyarsa, sannan ya naɗe hannu, bai bambanta da mai jefa leda a kwata ba, sai dai shi kwatarsa a cikin gida take. Idan ya zaɓa, to ruwa da sabulu da gawayi sun hau kansa, haka ma shanya da guga, kuma babu inda aka ce mutuncinsa zai zube idan ya tsuguna a bakin baho. An ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, don haka mai ƙyamar wannan aiki ya nemi wata hujja ba addini ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma ba mu ga dalilin da zai sa a ɗora wa uwar da lalura ta tilasta mata amfani da na yarwa laifi ba. Abin da ake nema a gare ta, da mijinta, shi ne su tuna cewa akwai hannu a can gaba. A karkaɗe ba-hayar a masai kafin a naɗe, a ɗaure da kyau a ware shi daga sauran shara, kada a jefa a kwata, kada a ƙona a inda mutane ke shaƙa, a kuma biya mai kwashewa haƙƙinsa ba tare da ciniki mai tsanani ba. Wannan kaɗan ne, amma shi ne ke raba mai lalura da mai ganganci.

Kammalawa

A gidanmu dai ga yadda aka sasanta. Da rana da duk lokacin da ake gida nafkin ake ɗaurawa. Na yarwa an bar shi domin tafiya da asibiti da daren da gajiya ta yi yawa. Wankin safe na uwargida ne, na dare da guga namu ne, kuma ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, makon farko mun sha dariya a wurin Gwaggo, wadda ta ce ba ta taɓa ganin dakta yana matse tsumma kamar mai murɗe wuyan kaza ba. Kafin ta koma ta koya wa uwargida ɗora yarinya a ƙafa, abin da ya rage wankin fiye da yadda muka zata.

Ba mu ce mun warware matsalar Olusosun ba, domin nafkin 24 ba sa tare ambaliya. Abin da muka samu bai wuce sanin nauyin abin da ke fita daga gidanmu ba, tun da yanzu hannunmu ne ke ɗaukarsa. Muna koya wa ɗalibai cewa tarbiyya tana farawa ne tun ran gini, to ga alama ta iyaye ma a nan take farawa, ranar da aka miƙo musu wani ɗan tahaliki da ba ya iya kawar da ƙazantar kansa, aka zuba ido a ga yadda za su yi da ita. Wata rana 'yar nan za ta girma ta bi titunan da muka bar mata, ta sha ruwan da muka bar mata. Fatanmu shi ne idan ta tambaya, mu iya gaya mata inda muka kai nata ba tare da mun sunkuyar da kai ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.